Dunƙulen Zare Daga Rijiyar Inna

Don wa na yi ƙaryar nan, don shi ko don kaina? Na tambayi kaina ina daka, na tambayi kaina ina kan tabarmar salla. Tun ina da haƙora nake tambaya, ga shi duk sun zube ban sami amsa ba. Ni ko alifi ban iya ja ba, shi ya sa na ce a zauna a rubuta mini yadda ya fito daga bakina, kada a gyara. In kuka ya zo mini a tsakiya, a jira ni.

Shekarun baya, zamanin da Nasara ba su daɗe da zama a Tanut ba, wajen shekara goma bayan babbar yunwar da ta watsa ƙasarmu ta Damargu, muna zaune ni da mijina a wani ƙauye kusa da Tarka. Ni ƴar wurin ce. Shi baƙo ne, mutumin wajen Gangara, masaƙi ɗan masaƙi. Yunwa ta kore shi kudu, ya yi shekara biyu a ƙasar Kano, da ya dawo ya tarar garinsu ya zama kufai. Ya yi ta tafiya da kayan saƙarsa a ka har ya sauka a gindin gawon ƙofar gidanmu. Da maganar aure ta taso, mahaifina ya tambaye shi danginsa. Ya ce ubansa ya rasu tun yana yaro, uwarsa kuma yunwa ta tafi da ita. Ba wanda ya ƙara tambaya. A shekarun nan kowa da wanda yunwa ta ɗauke masa, ba a tonawa.

Mutum ne mai shiru. Sai ya wuni a ramin saƙa ba ka ji komai ba sai ƙarar ƙoshiyar da yake jefa zare da ita. Bai taɓa kirana da suna ba, sai dai ƴar Tarka. Yakan ce mu mutanen Tarka ko sannu aka yi mana sai mun kifa ta mun duba gindinta. Ina dariya in ce ai gara mu, ku mutanen Gangara ko an tambaye ku ina kwana sai baɗi ku amsa. Ashe kowa cikinmu gaskiya ya faɗa wa ɗan'uwansa.

Ga wanda bai san Rijiyar Inna ba, tana gabas da garin Olelewa, tafiyar kwana uku daga wurinmu in da jaki. An ce tun ba kowa a dajin nan wata mata ta iso da takarkari ɗaya da ƴaƴanta mata biyu. Maza suka ce wurin ba ruwa, suka wuce. Ita ta tsaya, ta yi rani biyu tana haƙa, ƴaƴan suna jan ƙasa da ƙwarya, har ruwa ya ɓullo. Ita ta fara shuka hatsi a yankin, har ayarin Abzin suka riƙa sauka suna saye. Sunanta ya ɓace, Inna kawai ake cewa. Kabarinta yana nan, rijiyar tana nan, da ɗakin da ta zauna.

Kafin ta rasu ta kewaye wurin da baƙaƙen duwatsu, ta ce namiji ba ya tsallake su. Maza suna shayar da dabbobinsu daga waje, ana zuba musu ruwa a komi. Duk macen da ta shiga kuwa ba a korarta, ko daga ina ta gudo. In namiji ya zo ya tambayi labarin wata mace, amsa ɗaya ce, ba mu sani ba. Bayan kaka mata sukan je ziyara, kowace da ɗan hatsinta, tsofaffin wurin su zuba a rumbunan ƙasa waɗanda su kaɗai suka san bakinsu. Da wannan hatsin suka riƙe mata da yawa a shekarar yunwa. Mahaifiyata ta kai ni sau ɗaya ina yarinya, kafin yunwa. Tun daga nan ban koma ba, daga ciki sai goyo.

To wata shekara an gama sussuka, na kai wa maigida fura a ramin saƙa, sai ya ce ba tare da ya ɗago kai ba:

"Ƴar Tarka, bana ba za ki je ziyarar Inna ba?"

Na ce, "Yau kuma? Ba kai ke cewa yawon mata ne ba?"

"Na faɗa. Amma in za ki je zan raka ki. Akwai abin da nake so ki duba mini a ciki."

"Mene ne?"

"Sai mun isa."

Na ɗauki ƙoƙona na koma gida da zarginsa a raina. Ku ji dalilina kafin ku zage ni. Shekarar nan sojan raƙumi suna yawo gari gari suna leƙa rumbuna, su ɗebi hatsi su ce na Nasara ne. Ga tafintan kumandan, babban Nasaran da ke mulki a Tanut, ya zo gidanmu har sau biyu wai yana son zane, ya zauna kan tabarmarmu tun hantsi har azahar suna magana ƙasa-ƙasa. Sannan da ranin da ya wuce maigida ya ɗauki saƙa ya ce za shi kasuwar Tanut, ya yi kwana tara, ya dawo da kayan ko ɗaya bai sayar ba, ƙafafunsa duk ƙarangiya. Tanut ba ta cin kwana tara. Na haɗa wannan da wancan, na ga ba abin da yake so in duba masa sai bakin rumbunan Inna, ya kai wa soja labari.

Na kai wa ƙawata maganar a bakin rijiya. Ita kuwa wuta ta samu kara.

Ta ce, "Ke, namiji ba ya son rijiyar mata sai da dalili. Kuma tafinta ba ya zama kan tabarmar talaka don zane. Ke dai kin auri baƙo. Wa ya san uwarsa, wa ya san ubansa?"

Na ce, "Ki rufa mini asiri, uban ɗiyana ne."

"Na rufa. Amma in aka kwashe hatsin Inna ta hannunki, ba ke ba, har jikokinki ba mai auren su a Damargu."

Washegari na tashi da ɗingishi. Na ce ƙafa ce ta riƙe, ba ni iya tafiyar kwana uku. Na yi mako biyu ina jan ƙafa, har wata rana ya dube ni ya ce, "Jiya ta dama ce, yau ta koma hagu. Ciwon naki mai yawo ne." Na ce haka sanyi yake. Bai ƙara cewa komai ba sai, "Allah ya kai mu baɗi." Matan garinmu suka tafi suka dawo ba ni.

Baɗi ta zo, ya sake tambaya, a wuri ɗaya, da murya ɗaya. Na ce yaye nake yi, ba ni barin yarinya, ba ni kuma ɗaukar ta cikin rana. Ya ce, "Allah ya kai mu baɗi."

Shekara biyun nan na zama ɗan sandan gidana. In ya fita masallaci in buɗe jakarsa, ban taɓa samun komai ba sai tsohuwar ƙoshiya da busasshen goro. In baƙo ya yi sallama sai in ɗauki tsintsiya in yi ta sharar bayan danga, wurin da ba ko ƙwayar shara. Na san labarin bashin kowa da ciwon bayan kowa a garin, amma ko sau ɗaya ban ji an ambaci rumbu ba. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce lalle mutumin nan ya iya ɓoyo.

A shekara ta uku ya rame, ya rage cin tuwo. Da aka ɗaure damman ƙarshe ya same ni ina tankaɗe, ya tsuguna a gabana, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Ƴar Tarka, tun da aka kawo ki gidan nan ban taɓa roƙon ki abu sau uku ba."

Na ce to, mu je. Kada ku ce tausayi ne. Na yi shawara ne da zuciyata cewa gara in je in riga shi, in gaya wa tsofaffin wurin su yi hankali, in kuma ga iyakar abin da yake nufi.

Muka bar yara wurin mahaifiyata, muka ɗora wa jaki salka da taikin hatsi. Ba mu bi ayarin mata ba, ya ce mu biyu ya fi. Wannan ma na ajiye shi a raina. Mutumin da ya ce bai damu da wurin ba, ga shi bai tambayi kowa hanya ba. Bayan Olelewa hanya ta rabu biyu, ni da na taɓa zuwa na tsaya ina tunani, shi har ya kora jaki ta hannun dama.

Na ce, "Malam, ashe ka san hanya."

Ya ce, "Jakin ne ya sani."

"Jakin da aka haifa a Tarka?"

Ya ci gaba da kora jakinsa. Ni kuma ina tafe ina waiwaye, ina duba ko akwai sawun raƙuma a bayanmu.

Rana ta uku da hantsi muka iso wata aduwa babba ita kaɗai a fili. Ya tsaya a gindinta ya daɗe, kamar mai sauraron wani abu. Sannan ya nemo dutse kamar dunƙulen hannu ya ajiye a jikin saiwar. Na ce a raina, ga alamar da ya bar wa soja. Da ya juya yana gyara wa jaki kaya, na sa ƙafa na harbe dutsen cikin ciyawa. Har na ji daɗi a raina, wai ni mai wayo.

Da azahar muka hango baƙaƙen duwatsun. Akwai Fulani suna shayar da shanu a komi, da wani Buzu yana cika salkuna. Maigida ya ɗaure jaki nesa da su, ya zauna a ƙasa daf da duwatsun.

Ya ce, "Kin san ɗakin Inna, inda ake soke mazarai?"

Na sani. Duk macen da ta rasu a wurin, sai a ɗauki mazarinta na kaɗi a soke a jikin jinkar ɗakin, nan zai zauna.

Ya ce, "Ki nemi mazari mai jan gululu, ƙwallon yumɓun nan na gindinsa, da tsaga uku a gefensa. Ki fara duba hannun matan da ke kaɗi. In ba ya hannun kowa, ki duba jinka. In a jinka yake, ki tambaya yaushe aka soke shi."

"Na wace ce?"

"Ki dai duba."

"Shekara uku kana jan raina don gululu?"

Ya ce, "Ki je, don Allah."

Na tsallake duwatsun da taikina a ka, ina cewa a raina, wato akwai wata a ciki da suka haɗa baki, jan gululu ne alamarta. Kun ga inda zargi ke kai mutum.

Na yi abin da ake yi. Na fara shan ruwan rijiyar kafin in gaida kowa, haka al'adar take. Na shafa itacen bakin rijiya, wanda igiya ta ci har yatsa yana shigewa cikin gurbin. Na tsaya a kabarin Inna na yi mata addu'a, na ajiye hatsina a gaban ɗakin. Mata kamar ashirin ne a zaune a inuwa, wasu suna kaɗi, wasu suna tsefe kai. Na bi hannuwansu da ido ɗaya bayan ɗaya. Ba jan gululu.

Mai riƙe da wurin wata tsohuwa ce mai ido ɗaya, ƴar ƙarama, bakinta kamar aska. Na durƙusa na gaishe ta, na matsa kusa da kunnenta.

Na ce, "Iya, ku yi hankali da rumbuna. Mijina ne ya rako ni, kuma ina jin yana tare da mutanen kumandan."

Ta leƙa waje da idonta guda. "Wanne? Wancan da ya zauna kamar kazar da ruwa ya doka?"

"Shi."

Ta yi dariya har da tari. "Ɗiyata, in irin wannan kumandan ke aikowa, to mu kwanta mu yi barci. Ke kin san bakin rumbun ne da za ki gaya masa? To me ya ce ki yi?"

Na ce, "Wai in nemi mazari mai jan gululu da tsaga uku."

Dariyar ta tsaya. Ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa.

Ta ce, "Ke matar masaƙi ce?"

Na ce e. Sai na ga matan da ke kaɗi duk sun tsayar da hannu. Wata ta ce inna lillahi a hankali. Tsohuwar ta kama zanina ta ja ni cikin ɗakin. Mazarai ne a jinka ba iyaka, wasu sun yi baƙi don tsufa, gizo-gizo ya yi gida a kansu. Ta nuna mini ɗaya kusa da ƙofa. Jan gululu, tsaga uku. Itacen yana sheƙi don shafar hannu, har da ragowar alli a jikinsa.

Na ce, "Yaushe?"

Ta ce, "Daminar nan da ta wuce. Saura kwana kaɗan a fara cin tumun sabon gero."

Ta zaunar da ni a ƙasa, ta ba ni labari. Ta ce a shekarar yunwa wani saurayi ya iso da uwarsa a goye, ƙafafunta sun kumbura, shi kansa ƙashi da fata. Ya ɗora ta kan duwatsun, ya tura ta ciki da hannunsa, ya ce zai nemo abinci ya dawo. Matar ta rayu, amma ƙafafun ba su ƙara ɗaukar ta nesa ba. Ba abin da ta zo da shi sai mazarin nan. Ta ce ɗanta ne ya gina mata gululun yana yaro, ya tsaga shi da farce sau uku don kada ya ɓace cikin na maƙwabta.

"Ta yi kaɗi kamar ba mutum ba. Duk audugar da masu ziyara suka kawo, ta hannunta take bi. Kowace shekara sai ta ware mafi kyau ta kaɗa dunƙule ɗaya, ta ce na ɗanta ne, masaƙi ne, zai san hannunta. In shekara ta juyo bai zo ba, sai ta bayar a yi wa wata likkafani, ta ce ba za ta ba shi tsohon zare ba. Ta sake sabo."

Na ɗaga kai na sake duban jan gululun.

Ta ce, "Rani uku da suka wuce wani ya zo da rawani ya rufe fuska, da kayan saƙa a ka. Ya ce akwai wata mata ta Gangara a nan? Muka ce ba mu sani ba. Muka ce kai wane ne? Da ya ce ɗanta ne, da mun gaya mata ta fito da kanta, wannan ba mu hanawa. Sai ya ce shi matafiyi ne, ya juya da sauri kamar an kore shi. Da muka ba ta labari ta ce, in zai yi magana yana taɓa kunnensa? Muka ce e. Ta ce shi ne, kunya ce ta hana shi. Ta ce yanzu ya san ba a amsa wa namiji, zai dawo da matarsa. Tun daga nan in kaka ta yi sai ta sa a ɗauke ta a kai ta bakin duwatsu. Duk baƙuwar da ta tsallako sai ta kama zaninta ta ce, ke matar masaƙi ce? Kaka biyu tana haka."

Ta juyo da idon nan guda ta kafa mini.

"Me ya hana ku zuwa bara? Me ya hana ku bara waccan?"

Na ce, "Ƙafa ce ta yi mini ciwo, iya."

Ta dubi ƙafafuna, lafiyayyu, da suka yi tafiyar kwana uku. Ta sa hannu a wata tukunya ta fito da dunƙulen zare fari tas, siriri kamar gashi, ta ɗora a tafin hannuna.

Ta ce, "Na bana ne, ta gama shi kafin ta kwanta. Amana ce, ki kai masa. Mu ba mu magana da namiji a kan mace, ko tana raye ko ta mutu. Abin da kika fita da shi a bakinki, shi ne nasa."

Daga ƙofar ɗakin zuwa duwatsun bai fi taku hamsin ba. Ban taɓa yin tafiya mai nisa kamar ta ba. Yana hango ni ya miƙe tsaye, hannunsa a kunne.

Na ce, "A jinka yake."

Ya koma ya zauna. Can ya ce, "Uwata ce."

"Na ji."

"Yaushe?"

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya buɗe da kansa. Na ce, "Tun shekarar yunwa. Sun ce ba ta yi wata ɗaya ba bayan tafiyarka. Ba ta wahala ba, ba ta yi jira ba. Ta ce ta yafe maka. Ta bar maka wannan."

Ya karɓi zaren da hannu biyu. Ya nemo bakinsa, ya ja kamar kamu ɗaya, ya murza tsakanin yatsunsa. Ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya ɗago ya dube ni. Ban san tsawon lokacin da ya yi yana duba na ba, ni dai ƙasa nake kallo.

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ya roƙi ruwa wurin Fulanin nan ya yi alwala, ya fuskanci gabas a jikin duwatsun ya yi ta addu'a har la'asar. Ni ina zaune kusa da jaki ina kuka, ya ɗauka kukan uwarsa nake yi. Ko kuwa ni ce na ɗauka ya ɗauka.

A hanyar komawa muka sake biyowa ta aduwar nan. Ya duba gindinta bai ga dutsensa ba. Ya yi ta nema cikin ciyawa har ya samo shi, ya mayar da shi wurinsa. Ya ce, "Nan na sauke uwata na ƙarshe kafin duwatsun. Anza ce, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci, ta rage mana cikin hannu ɗaya, ta ce ta ƙoshi, ta ba ni duka. Na kuwa cinye." Bai tambayi wanda ya ture dutsen ba. Ya ce wataƙila akuya ce.

Tafinta kuwa, daga baya na gane zane yake so da gaske, na auren ƴarsa. Surutu ne kawai Allah ya ɗora masa, kuma a gidan kumandan ba mai sauraron sa.

Mun ƙara shekara ashirin da wani abu tare. Zaren nan ya saƙa shi ƙyalle siriri, faɗin tafin hannu, ya naɗe ya sa a jakar da nake bincikewa da. Bai ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ni kuma zargin bai bar ni ba, sai dai ya juya fuska. Da ina zargin yana ɓoye mini abu, yanzu ina zargin ya san abin da nake ɓoyewa. In ya sayo mini dutsen tsakiya na ado daga kasuwa in ce me yake nufi. In ya dube ni ina kaɗi sai mazarin ya suɓuce daga hannuna. Sau nawa na kai masa fura da niyyar in faɗa, in tsaya a bakin ramin saƙa, ya ce, "Ƴar Tarka, akwai magana ne?" In ce a'a, nono ne ya yi tsami.

Na sha gaya wa kaina cewa tausayinsa na ji. Wane ɗa ne zai iya ɗaukar labarin uwarsa ta yi shekara goma sha uku tana jiran sa a bakin dutse? Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta. Goma sha ɗaya nasa ne, biyun ƙarshe nawa ne, kuma su ne waɗanda da an je da an same ta. Da ya faɗa mini tun farko, da ko da rarrafe na je. Da na tambaye shi ido da ido, kai malam, ko Nasara suka aiko ka, da ko dariya ce ta sa ya faɗi gaskiya. Shi kunya ta rufe masa baki, ni zargi ya rufe mini kunne, tsohuwa tana can tana kama zanin mutane.

Bayan ya rasu na koma Rijiyar Inna sau huɗu, har ƙafafun suka ƙi da gaske. Duk zuwa sai in kai auduga, in tsaya a ƙarƙashin jan gululun nan in ce, inna, ga matar masaƙi ta zo. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma ba ranar da ba na kukanta tare da nasa. Masu cewa tsohuwa ta cika kuka, su bar ni.

Ranar da zai rasu da hantsi ne, yara sun fita kiran malam, daga ni sai shi a ɗaki. Ya nuna jakar da ido. Na ciro ƙyallen, ya ce a sa masa cikin likkafani. Na durƙusa a gefensa, na ce yau kam sai na faɗa, ko da shi ne abin da zai tafi da shi.

Na ce, "Malam, akwai maganar da na riƙe tun ranar duwatsun nan..."

Ya ɗaga yatsa ya tsayar da ni. Har da ɗan murmushi.

Ya ce, "Ƴar Tarka, masaƙi fa kika aura. Zaren shekara goma ba haka yake ƙamshi ba. Miƙo mini shi nan, ki daina kuka."